Giyar da Sabo Magini Bai Sha Ba

Yayana Sabo magini ne a Sara, ƙasar Gwaram. A hannun babanmu ya koyi sana'ar, kuma tun shekarar da aka sami 'yancin kai yake cin gashin kansa. Maginan gidanmu ba sa ɗaura igiya. Mutum zai koma ƙarshen katanga, ya rufe ido ɗaya, ya hanga da ɗayan, ya ce a ƙara nan, a rage can. Wanda ya ɗaura igiya, a wurinsu ɗan koyo ne. Shi Sabo da idon dama yake hange.

Bayan yaƙin basasa idanunsa suka fara ja. Lokacin ciwon idon da ake kira afolo ya cika gari, sai malamin ɗakin magani ya ba shi abin da yake ba kowa. Na mutane ya warke cikin sati guda. Nasa ya riƙa tafiya yana dawowa har shekara shida. Babu kwantsa, sai ja da zogi, rana kuma in ta haske shi kamar an soka masa allura. Duk zuwa magani ɗaya ake miƙo masa. Ba wanda ya taɓa cewa ya je gaba a duba shi.

A 1976 kuɗin mai suka iso har ƙauye, ana ta gina azuzuwa. Wani ɗan kwangila, Alhaji Barau, ya ɗora Sabo a kan aikin aji biyu. Birkilolin da aka kawo daga Kano suka ja bulo da igiyarsu. Sabo ya hanga, ya ce katanga ta yi ciki, ya sa aka rushe, ya gina da kansa. Tasa ta fito kamar sawun maciji.

Ranar kasuwa Barau ya tsaya cikin mutane ya ce, "Ku dubi idon mana! Wannan jan na ciwo ne? Ku tambaye shi abin da yake kurɓa kafin ya hau gini."

Shi ke nan. Jan ido, gudun rana, karkatacciyar katanga, Sara ta gama shari'arta. Aiki ya ɗauke. A masallaci in ya shiga sahu sai na kusa da shi ya matsa.

Ni a lokacin ina koyarwa a Birnin Kudu. Ba zan wanke kaina ba: da na zo gida na durƙusa gaishe shi, sai da na matsa na sunsuni bakinsa. Ya gane.

A zuwan nan ne ya ɗauki littafin rubutu daga jakata yana juyawa, ya kira sunana ya ce, "Turai, wane marar tsoron Allah ne ya buga layuka a karkace haka, gwamnati kuma ta saya wa yara?"

Layukan lafiyarsu ƙalau. Na sa hannu na rufe masa idon dama.

"Yanzu fa, Yaya?"

Ya sake duban layukan. Can ya ce, "Sun miƙe."

Na kai shi wani asibitin ido a Kaduna. Aka ɗiga masa magani har baƙin idonsa ya buɗe, aka sa ya ɗora haɓa a jikin wata na'ura, aka ɗauki hoton can cikin idon. Bayan sati biyu muka koma. Likita ya ajiye hotuna biyu a gabanmu, kowanne ja kamar faɗuwar rana, da jijiyoyi a ciki. A na hagu jijiyoyin sun bazu yadda Allah ya yi su. A na dama, tsakiya tana ƙyalli, ta yamutse, jijiyoyin sun tattaru kamar bakin wando da aka ja wa mazagi.

Likita ya ce ba afolo ba ne, kumburi ne a cikin ido. Shekarun da ya yi yana tashi babu maganin da ya dace, shi ne ya bar wani siririn tantani a daidai wurin da mutum ke ganin abu sosai. Tantanin ya tsuke, ya ja wurin, shi ya sa miƙaƙƙen abu yake zame masa karkatacce. Ya ce za a kwantar da kumburin don a tsirar da na hagu, amma ɓare tantanin ba aikin da suke yi ba ne. Ya ba ni hoton.

A mota na ce, "Ranar Juma'a zan kai wannan ƙofar dagaci, a kira Barau."

"Ba za ki kai ba."

"Yaya, mashayi fa suke ce maka!"

"Malama sarkin boko, to saurara. In mashayi ya tuba, gobe za a ba shi gini. In aka ji idon magini ya lalace, wa zai sake ba shi ko da akurkin kaji? Da hoton zan ciyar da yara bakwai?"

Ya sa na rantse ba zan nuna wa kowa ba muddin yana da rai. Juma'ar da na so in tsaya a ƙofar dagaci, a ranar yayana ya miƙe bayan salla, a gaban liman da dukan gari, ya ce ya tuba da shan giya. Mutumin da ko taba bai taɓa sawa a baki ba. Aka yi ta kabbara. Ina cikin gida ina jiyowa, na ɗauki tulu na rotsa da ƙasa.

Aiki ya dawo. Ya koma hange da idon hagu, ya ɗaura igiya, ya ce koyi yake da zamani. Shekara goma sha tara yana gini, katangunsa a miƙe. Mutane suka ce albarkar tuba ce. Barau kuwa har ya tsufa yana bugun ƙirji wai shi ya shiryar da Sabo. 'Ya'yan Sabo suka tashi ana kiransu 'ya'yan tubabbe.

Ya rasu a 1995. Ranar sadakar uku na yafa mayafi, na fita har zaure inda maza suke, na ajiye hoton a kan tabarma, na faɗi komai. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ce mace ba ta shigowa nan.

Liman ya ce, "Haba Hajiya, wanda ya tafi ya tafi. Allah ya san gaskiya, a bar wa Allah."

Na ce, "Malam, Allah dama bai taɓa zarginsa ba. Ku ne kuka zarge shi, shi ya sa ku nake gaya wa."