Rami na Ashirin da Huɗu

Shekara goma sha ɗaya Yayata ta yi tana shara a makarantar koyon kwamfuta inda nake aikin karɓar baƙi. A duk shekarun nan, in netwok ya ɗauke, ita ce mai laifi. "Tsintsiya ta taɓa waya." Maganar kowa ke nan, har da ni ƙanwarta, Allah ya yafe mini.

A aji huɗu ta bar makaranta, lokacin da ciwo ya kwantar da Innarmu, ita ta raine mu. Daga baya mijinta ya rasu ya bar mata yara uku, da tsintsiyar nan take ciyar da su. Karatu kam sai ta yi ta haɗa baƙi, amma Allah ya ba ta ido. Akwai wani ɗan ɗaki a bayan aji inda na'urori suke. Duk sati biyu Injiniya kan zo dubawa, yana shiga za ta bi shi da tsumma wai goge ƙura, tana jera masa tambayoyi. Shi kuwa dama neman mai saurare yake.

A gida take maimaita mana darasin. "Mai ramuka ashirin da huɗun nan suwic ne. Tsakar gida ke nan, kowace kwamfuta nan ƙofarta take kallo. Mai ƙahonni shi ne rauta, ƙofar waje. In babu shi 'yan gida za su yi hira da juna, amma ba mai leƙa titi."

Ni mai difloma sai in kwashe da dariya in ce, "To Yaya Injiniya, a haɗa mana shayi."

Sai aka kawo mana sabon Manaja, mutumin da ko kujera ya gani a karkace sai ya tsaya ya gyara ta. Sati uku da zuwansa ɗalibai ashirin suka zauna jarrabawar ƙarshe, wadda za a fara ƙarfe goma a kan kwamfuta. Ƙarfe tara komai ya tsaya cak. Injiniya ya yi tafiya, wayarsa a kashe. Manaja ya kashe rauta ya kunna har sau uku, shiru. Da gumi ya ishe shi sai ya sa aka kira Yaya gaban ɗaliban.

"Iya, an faɗa mini halinki da wayoyi. Ajiye tsintsiyar nan ki tafi, kada ki dawo."

Ina tsaye a wurin, amma ban kare ta ba. Har gobe ina jin kunyar wannan abin.

Yaya ta jingina tsintsiyar da bango. "Zan tafi, ranka ya daɗe. Amma a buɗe mini ɗakin can in ga abu ɗaya."

Don ya rabu da ita ya buɗe, na bi bayansu. Ta haɗe hannuwanta a baya, ta sunkuya gaban suwic. Fitilunsa duka suna ƙyaftawa lokaci guda, da wani irin sauri.

"Wa ya cike ramin ƙarshe?" ta tambaya. "Kullum ina goge nan. Kwamfuta ashirin, ta ofis ɗaya, rauta ɗaya, sai shuɗiyar wayar da Injiniya ke jona tasa kwamfutar in ya zo. Na ashirin da huɗu a buɗe yake zama." Ta bi shuɗiyar da ido. "Ga ta nan, ta fito daga wannan ramin ta shiga na kusa da shi. Injiniya ya ce in aka yi haka, saƙo zai fita ya dawo, ya fita ya dawo, har ya cushe hanya kowa ya rasa wurin wucewa."

Manaja ya yi gyaran murya. "Jiya da yamma na ga bakinta yana reto, sai na ce bari in kimtsa ta."

"To cire da hannunka, ranka ya daɗe, kada a ce tsintsiya ce."

Ya cire. Fitilun suka lafa, kowace ta koma ƙyaftawa a nata lokacin. Daga cikin aji muka ji wata ɗaliba ta ce, "Ya dawo!"

Zan ba Manaja haƙƙinsa. A gaban ɗaliban nan da ya kore ta a idonsu ya ba ta haƙuri, ya ɗauko tsintsiyar da kansa ya miƙa mata, ya zare makullin ɗakin na'urori daga cikin nasa ya haɗa mata. Yanzu in netwok ya yi gardama, ita ake fara nema kafin a buga wa Injiniya.

A ranar, da muka koma gida, ta zauna tana cire takalmi, ta ɗago ta dube ni. Na ajiye jakata na wuce na ɗora ruwan shayi.