Farin Gashin Tebaram

Tawa

Ƙarfe biyar da rabi na asuba kabu-kabu ya sauke ni tashar Tawa. Ƙanwata Hadiza ta haihu a Tebaram, jariri ya zo da farin gashi a goshi da ido ɗaya shuɗi. Surukinta, Alhaji, ya ce gidansu ba a haihuwar irin wannan, ya hana ragon suna, ya ce ta koma gidanmu. Raina ya ɓaci. Ni kuwa mushe ne, wato malamin boko, mai koyar da ilimin halittu, sai na naɗe babban zanen ƙwayoyin halitta na ajina na tafi yaƙi.

Hanya

Direba ya rantse ƙarfe shida za mu tashi, muka tashi takwas saura kwata, mu goma sha tara da akuya. A shingen jandarma aka buɗe zanen nawa, aka juya shi sama da ƙasa, aka tambaye ni taswirar wace ƙasa ce. Na karya da ƙosai mai sanyi.

Tebaram

Sha biyu da rabi na iske maza a zaure, Alhaji ya sha rawani har gira. Na baza zane. Na ce jiki duka daga ƙwayar halitta ɗaya yake farawa, kuma cikin abin da muke gada akwai wani mai ba da umarni, shi ke gaya wa ƙwayoyi: ke zama jijiya, ke ki riƙa yin launin fata da gashi da ido. In gadon ya zo da tangarɗa, masu yin launin ba sa isa goshi. Minti arba'in ina zuba. Biyu suka yi barci, ɗaya ya tambaya ko ana samun maganin a kasuwar Tawa.

Sai wanzamin da aka kira askin suna, wanda ya gaji da jira, ya ɗago kai daga wasa askarsa.

"Mushe, mi ad da wahala? Wanga hwarin gashi, shekara talatin ina aske shi bisa goshin Alhaji, kowace Juma'a."

Alhaji ya kai hannu ga rawaninsa, ya ƙara jawo shi ƙasa. Can ya ce, bai dubi kowa ba, "A yanka ragon."

Gida

Washegari ƙarfe huɗu na yamma na iso Tawa. Godiya ga Allah da ya kai ni ya maido ni lafiya, da wanzamin Tebaram. Hadiza tana ɗakinta, yaro ya ci sunan kakansa.