Fukafukan Famfon Kawu

Duk sanda na ji ana cika baki a rediyo wai an samo famfo mai aiki da hasken rana, wanda ke ɗebo ruwa ba tare da an ƙona mai ba, sai in miƙa hannu in kashe. Ba haushin masu maganar nake ji ba, haushin kaina ne. Mu a ƙauyenmu, can tsakanin Ƙanƙara da Ƙetare, mun taɓa shan ruwan da ba ya cin mai, kuma ni ne na hau na kwance abin da ke ba mu shi.

Famfon iska ne. Tun kafin a haife ni aka kafa shi a kan wata rijiya mai zurfi a bakin gari. Dogon ƙarfe ne mai ƙafa huɗu, a samansa fukafukai sun yi da'ira kamar faifai, a bayansu wutsiya mai juya su su fuskanci iska. In iska ta kaɗa, sai sandar ƙarfe ta dinga hawa da sauka cikin rijiyar, ruwa yana tsiyaya cikin tanki. Tsiyaya na ce, don ba ya gaggawa ko kaɗan. Amma ban taɓa ganin tankin ya ƙafe ba. Mata su ɗiba da hantsi, makiyaya su shayar da shanu a kwami da la'asar, har masu koro dabbobi daga wajen Faskari sun san hanyar.

Kawu, wan mahaifiyata, shi ke kula da shi. Gajeren mutum ne, ga ƙarancin magana, ga saurin fushi. Kowace Alhamis yakan hau da gwangwanin giris rataye a wuya. In fatar da ke jawo ruwa a can ƙasa ta cinye, da kansa yake yanko wata daga ƙirgin sa, ya jiƙa ta a man shanu. In hadari ya taso, ko tuwo yake ci zai ture kwanon ya ruga ya ɗaure wutsiyar, kada guguwa ta karya fukafukan. Abokan wasansa suna ce masa mijin famfo, bai kuwa taɓa musu ba.

Sai shekarun kuɗin mai suka zo. Wanda bai gani ba, da wuya ya yarda. Fetur ya yi arha har direbobi da shi suke wanke hannu. Duk abin da ba ya hayaƙi, ba ya ƙara, sai muka ga ya zama na ƙauye. A cikin haka wani ɗan kwangila ya sauke mana injin ruwa mai shan man gas, wato dizal, kore shar, yana ƙamshin sabon fenti. Ni a lokacin na ɗan yi zaman gareji a Ƙanƙara, na san kan sifana, saboda haka ni aka ba aikin tayar da shi. Har kaki aka ɗinka mini. Na ji kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Rijiyar ɗaya ce, dole a zare sandunan famfon kafin a zura bututun injin. Ranar da dattawa suka zauna a ƙofar mai gari a kan maganar, Kawu bai yi gardama ba. Ya dai ce, "To, ku sa injinku. Amma a bar mani hukahukan da sandunan in aje a zaure. Ranar da abin ga ya ƙiya, mu maida."

Aka yi dariya. Ni ne na fi kowa, har na ce, "Haba Kawu, ƙasar da ke haƙo mai, mi zai sa mai shi ƙare mata?"

Kawu ya dube ni. Ya ƙi hawa ya kwance famfon, ni na hau. Na sauko da fukafukan ɗaya bayan ɗaya, na bar wutsiyar a sama don ƙusoshinta sun yi tsatsa. Kawu ya shafe fukafukan da sandunan da giris, ya jingine su a zaurensa.

Gaskiya injin ya yi aiki. Kafin mutum ya gama shan koko tanki ya cika yana ambaliya. Sai dai injin a fili yake, ga damina ta matso, kwanon rufin da ɗan kwangilar ya ce zai turo kuma shiru. Ana nan Kawu ya tafi garin Sabuwa ta'aziyya. Na shiga zaurensa na ga ƙarfe mai kyau a jingine yana zaman banza, ga injin mutane zai sha ruwan sama. Matarsa ta leƙo ta ce, "Da ka bari ya dawo, ɗan nan." Na ce mata ai aikin gari ne. Na kwashe fukafukan na kai maƙera, aka buge su suka miƙe, aka huhhuda su, muka rufe ɗakin injin da su. Sandunan kuma aka yayyanka aka yi ginshiƙai. Na san sarai cewa lanƙwasar nan da aka buge ita ce ke kama iska. Na sani, na yi.

Da ya dawo, ya tsaya ya daɗe yana kallon rufin. Na shirya wa zagi, har da sanda. Sai ya ce, "Ba shi yoyo?"

Na ce, "Ba shi yi, Kawu."

Ya ce, "To madalla." Ya juya ya tafi. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ba a yi shekara uku ba gas ya fara wuya. In hau keke da jarka har Ƙanƙara, in wuni a layi, in dawo hannu wofi. Daga baya wani ƙarfe ya karye a cikin injin, aka ce sai an aiko da shi daga ƙasar waje. Har yau ana aikowa. Dattawan da suka yi dariya suka tafi zauren Kawu, kai a sunkuye, suka ce, "Malam, a taimaka a maida hamhon nan." Ya ɗaga sandarsa ya nuna wajen rufin, ya ce, "Ku tambayi mai inji." Na kwance rufin, maƙerin ya yi iya ƙoƙarinsa ya lanƙwasa su, amma ƙarfen ya riga ya gaji, tsagewa kawai yake yi.

Daga nan mata suka koma tafiya rafi, su tona yashi su jira ruwa ya taru. Makiyaya suka sake hanya, nono ya ɓace a kasuwarmu. Ba wanda ya taɓa gaya mini baƙar magana, don kowa ya san da dariyarsa a ciki. Ni dai na daina bin ta bakin rijiyar.

Kawu ya rasu da bazara, da sanyin safiya. Aka duba randunan gidan, ba ruwan da zai isa a yi masa wanka, maƙwabta ma haka. Na ɗora garwa biyu a kan jaki na nufi rafi. Na durƙusa cikin yashi ina kwarfa da ƙoƙo, ina kuka kamar ƙaramin yaro, ruwan yana fitowa ja, kaɗan-kaɗan, mutane kuwa suna can zaune a rana suna jirana. A hanyar dawowa ba yadda zan yi, sai ta bakin rijiyar. Iskar bazara tana kaɗawa da ƙarfinta, irin wadda a da takan cika tanki kafin azahar. Wutsiyar nan da na bari a sama tana ta juyawa tana ƙara, tana neman iska, ba komai a gabanta.

Liman ya leƙa garwar, ya dube ni, ya ce, "Wanga ne ruwan?"

Na ce, "Shi ne, Malam."

Aka tace shi da mayafin matarsa har sau biyu. Da shi aka wanke mutumin da ya shayar da garinmu tun kafin in san sunana.