Narelle Dahms, Wadda Ta Ari Hannun Kowa Har Nata Ya Ɓace Mata

Duk wanda ya bi ta bayan ɗakin taro na garinmu Boondarra da sassafe, kafin ƙudaje su farka, ya san abin da zai tarar: Narelle Dahms da tiyo a hannu tana shayar da filin tanis. Filin namu har yau na ƙasar suri ne, yadda kakanninmu suka bar mana shi. Aka fasa gidajen gara a daji, aka daka, aka shimfiɗa, aka daɓe. Irin wannan fili kamar jinjiri yake, ka juya masa baya kwana biyu ya tsattsage. Narelle ke ba shi ruwa, ta ja tsohon buhu a kansa har ya kwanta, ta tura gangar daɓe, ta zana layi da farar ƙasa. Sannan ta zauna a benci da kofin shayinta. Duk yarinyar da ke da gasa a ƙarshen mako ta san inda za ta same ta, ta kuma san tambayar da za a tare ta da ita, don shekara talatin ke nan ba ta sake ba:

"To, 'yar nan, yau wa kike so in zama?"

Aikinta ke nan. Ki gaya mata da wa za ki kara ranar Asabar, ita kuwa ta zame miki wannan yarinyar tun ranar Laraba: bugunta, takunta, har yadda take gyara hula in ta tsorata. Kafin ranar wasa kin riga kin doke ta sau goma.

Ranar Litinin mai zuwa likitoci za su yi mata aiki a kafaɗar hagu a Toowoomba, kuma sun gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa ba za ta ƙara ɗaga raket sama da kai ba. Mai jaridar garinmu ya ce in rubuta mata jinjina tunda na koyar da ita a sakandare, ya ƙara da cewa in sa mata zuma. Zan sa mata gaskiya, in zuma ta sami wurin zama ta zauna.

Tana 'yar shekara goma sha biyar na fara ganin wasanta. Bahaguwa ce, siririya, gwiwoyi duk tabo. Tana da wani bugu na bayan hannu da ba wanda ya koya mata: da hannu ɗaya take yankar ƙwallo daga ƙasa, ƙwallon ta tsallake raga da ƙyar, in ta taɓa ƙasar suri ba ta tashi, sai ta sulale. Merv Hartwig, mahaucinmu, wanda a lokacin yake ganin ba kamarsa a fili, ya bi ta da gudu har ya kife, ya tashi baki cike da jar ƙasa.

"Ke 'yar Dahms," in ji shi, "wannan ba ƙwallo ba ce, ƙadangare kika sako mini!"

Sunan ya bi bugun. Daga garuruwan maƙwabta ake zuwa kallon ƙadangaren Narelle.

Tana cika goma sha takwas aka ɗauke ta zuwa wata cibiyar horo a birni. Masana suka duba suka ce bugun hannu ɗaya wasan kakanni ne, duniya ta koma hannu biyu da murza ƙwallo ta yi tsalle. Cikin 'yan makonni ta iya irin nasu, don Allah ya yi ta da idon da ba ya ganin abu sau biyu bai kwashe ba. Aka yi ta yabonta da saurin ɗaukar karatu. Suka ce ci gaba ne. Shekara arba'in na yi ina koyar da tarihi, na san sau nawa aka raɗa wa asara suna ci gaba.

Shekara bakwai ta yi tana wasa a matsayin sana'a. Ba irin rayuwar da ake nunawa a talabijin ba ce: motocin haya daga wannan ƙaramin gari na Turai zuwa wancan, ɗaki ɗaya da 'yan wasa uku, wanki a kwanon wanke fuska, ɗaure zaren raket da hannunta. Ta kai matsayi na wajen ɗari da talatin a duniya. Sau ɗaya ta shiga babbar gasar Janairu ta Melbourne, gari duk ya taru a mashaya yana kallo, aka fitar da ita a zagayen farko. Washegari hukunci ya fito daga shagon aski: yarinyar tana da hannu amma ba ta da zuciya. Har yau akwai masu maimaita wannan magana kamar aya. Ni ban taɓa yarda da ita ba. In ka karɓe wa mutum wuƙarsa ka miƙa masa cokalin wani, ba ka da bakin cewa ya kasa yanka.

Yadda ta faɗa cikin aikin da muka san ta da shi, ruwan sama ne sila. An dakatar da wasa a wata gasa, mata suna zaune a ɗakin sauya kaya gajiya ta ishe su, sai Narelle ta miƙe ta fara kwaikwayon manyan 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, har da gurnanin da kowacce ke yi in ta buga. Ana ta dariya, wani koci da ke bakin ƙofa bai yi dariya ba. Ya ce, "Za ki iya yin haka a fili, da ƙwallo?" Ta ce za ta gwada. Yawanci maza ake ɗauka abokan atisaye, don ƙarfin bugu. Amma namiji ƙarfi kawai zai ba ki. Narelle abokiyar gabarki take kawo miki sukutum.

Wadda ta fi cin moriyarta 'yar garinmu ce, Tegan Marchetti, 'yar manomin gyaɗa, wadda ta shiga cikin ashirin na farko a duniya. Shekara goma suna yawo tare. Tegan da bakinta ta ba ni labarin wata safiya a Melbourne, ana gobe za ta kara da wata doguwar 'yar Rasha da ta doke ta sau huɗu a jere. Narelle ta shigo filin atisaye ba gaisuwa, ta zama 'yar Rashar sak. Ta juya wa Tegan baya tana gyara zaren raket, ta ɓata lokaci, ta buga ƙwallo a ƙasa har ran mutum ya ɓaci, in ta ci maki ta dunƙule hannu ta zuba mata ido. Rana na dukan kai, Tegan ta yi jifa da raket.

"Anti Narelle, wallahi na tsane ki!"

"Madalla," in ji Narelle, da irin muryar waccan. "Ajiye haushin da ɗuminsa zuwa gobe."

Ranar ko abincin rana Tegan ta ƙi ci da ita. Washegari ta doke 'yar Rashar.

Kada mai karatu ya gyara zama yana jiran labarin butulci. Tegan ta gode mata a gaban kyamara ba sau ɗaya ba, ita ce ma ta tsaya a kan maganar aikin kafaɗar nan. Ba wanda ya cuci Narelle da mugunta. Abin da ya sa lamarin ke ci mini rai ke nan: kowa da kyakkyawar niyya ya zo, kowa ya ari hannunta, ba wanda ya tuna ya tambayi ina nata yake.

Ke ce, Narelle, inuwar da ake dambe da ita kafin a shiga dandali. Ke ce kika sha kashi dubu da gangan a filin da ba 'yan kallo, don wata ta ci sau ɗaya a gaban duniya. Da Tegan ta ajiye raket aka yi miki tayin aiki a ƙasashen waje, amma kika dawo nan kika ci gaba da zama 'yar wane da 'yar wane saboda yaran manoma, ba ki taɓa cewa wannan gasa ta yi miki ƙanƙanta ba. Da likita ya ga hoton kafaɗarki ya ce kamar ba mutum ɗaya ya yi aiki da ita ba, kika ce, "Za su kai sittin, likita, kuma ba wadda ta bar adireshi." Kika dawo kina ba mu labari muna dariya. Ni dai dariyar ba ta sauka mini daidai ba.

Asabar da ta wuce muka yi mata walimar ban kwana a bakin fili. Kowa ya zo da farantinsa kamar kullum, kek mai kirim da sanwici, tukunyar shayi na tafasa a kusurwa. Shugaban kulob ɗinmu na tanis ya yi ta nanata kalmar sadaukarwa har ta tsufa a bakinsa. Tegan ta zo daga Brisbane, tana gama jin jawabi ta ciro raket biyu daga mota.

"Anti, taso. Kafin su yanka ki, sai mun buga."

Narelle ta ajiye kofi, ta shiga fili tana juya kafaɗa. Bakinta ya riga tunaninta: "To, wa kike so in zama?"

"Ke," in ji Tegan. "Shekara goma ina karawa da matan duniya a jikinki, ban taɓa karawa da Narelle Dahms ba. Yau ita nake so."

Muka yi tafi. Ita kuwa ta tsaya a layin baya da ƙwallo a hannu, tana kallonta kamar an ba ta ajiyar wani. Tafin ya mutu, ba ta buga ba.

"Ke 'yar Dahms, shayi na hucewa!" Merv ne daga kujerarsa, da sandarsa tsakanin ƙafafu, shekara tamanin da 'yan kai bai koyi yin shiru ba.

Ta buga. Bugu mai kyau, sai dai Tegan ta mayar tana girgiza kai. "Wannan na 'yar Ajantina ne, Anti." Narelle ta sake bugawa. "Wannan kuma matar nan ce mai tari." Ta sake, da ƙarfi, har ta yamutsa fuska don zafi. Tegan ta ce a hankali, "Wannan nawa ne."

Narelle ta yi dariya, amma ta juyo wajenmu, idonta ya sauka a kaina.

"Malama, ke da ba ki mantuwa, yaya nake yi ne?"

Na buɗe baki. Zan iya gaya mata shekarar da aka yi kowane yaƙi, amma yaya ake gaya wa mace yadda hannunta yake? Na ce, "Buga dai, 'yar nan."

Suka ci gaba, ba mai ƙirga maki, ba mai taɓa kek. Can Tegan ta aika wata ƙwallo mai ƙarfi ta gefen bayan hannunta. Ranar, saboda hidimar walima, ba a shayar da fili da safe ba, kusa da layi ƙasa ta ɗan tsage. Ƙwallon ta faɗa daidai nan, ta ƙi tashi, ta karkace ƙasa-ƙasa. Ba lokacin tunani, ba lokacin zaɓen wadda za a zama. Narelle ta durƙusa, hannu ɗaya ya saki raket, ɗayan ya yanka. Ƙwallon ta shafi raga, ta sauka, ta sulale ta ƙarƙashin raket ɗin Tegan har ta je ta kwanta a gindin waya.

Merv ya miƙe ba sanda. "Ƙadangare! Jama'a, ƙadangare ne!"

Narelle na dafe da kafaɗa, tana haki, tana bin ƙwallon da kallo. Ta ce, "Kai. Wannan na wace ce?"

Na ce, "Naki ne, sakarya."

Tegan ta ce ta ƙara ko sau ɗaya. Narelle ta gwada ɗaga hannun, ya ƙi. Aka rako ta benci, aka sa mata ƙanƙara. Nan ta ce, "Ashe yana nan."

Sau ɗaya ke nan cikin shekara talatin da bakwai. Ba zan ce da an bar mata ƙadangarenta da ta ci kofin duniya ba, ban sani ba, kuma masu cewa sun san irin wannan ƙarya suke yi. Abin da na sani, da ta ci ko ta faɗi, da hannunta za ta yi.

Mun gode, Narelle. Mun gode da ruwan kowace safiya, da kashin da kika sha don 'ya'yanmu, da matan duniya da kika kawo mana har bayan ɗakin taro ba tare da mun biya kuɗin jirgi ba. Allah ya sa a yi aiki a sa'a, ya ba ki lafiya.

A irin wannan rubutu an saba cewa a yi koyi da wanda aka yaba. Ku yi koyi da ita wajen tashi da wuri, da riƙon amana, da rashin raina ƙaramin aiki. Fili na neman mai shayar da shi daga Litinin, kada ku tsaya kallon juna. Amma in wata 'yar siririya ta zo muku da wani karkataccen bugu da ba a littafi, kafin ku gyara mata, ku fara bin ƙwallon da gudu ku gani ko za ku kamo ta. Merv na nan da rai, ku tambaye shi ɗanɗanon ƙasar suri.