Matar da Ta Tsare wa Ɓeraye Duhunsu

Ƙarfe shida na safe Etelka Bodnár kan jingine kekenta a bayan ɗakin bincike a garin Szeged, ta zura farar riga, ta kashe wa ɓeraye ɗari biyu fitila. An juya musu lokaci, ranarmu ce darensu. Shekara talatin da huɗu ke nan tana haka, kuma ran Juma'a za ta ajiye aiki.

A cikin ƙwaƙwalwar ɓera akwai wata 'yar tsoka da ba ta fi ƙwayar gero ba, mai bambance wa jiki dare da rana. Malaman wurin suna son sanin yaushe ƙwayoyin gadon cikinta ke farkawa su haɗa sinadarin kashe zafi, dangin ofiyam, wanda jiki ke yi da kansa. Su ke rubuta takardu. Ita ke ciro tsokar ƙarƙashin jar fitila mai dishi-dishi wadda ba ta damun ɓeraye, kafin ka ƙirga arba'in. Na karanta takardun kaf. Sau biyu sunanta ya fito, can ƙasa, ɗaya ma da kuskure.

Wata shekara ta lura ɓerayen kejin sama suna kwance lokacin da ya kamata su yi ta zirga-zirga. Ta tsaya cikin duhun har idonta ya saba, sai ta hango wani koren ɗigo a jikin sabuwar na'urar sanyaya ɗaki. Aikin wata takwas aka yi a ƙarƙashin wannan hasken, ga Farfesa Szalai, shugaban binciken, zai aika takardarsa ran Litinin. Marigayiya matata Piroska ce sakatariyarsa, ta ji komai ta bayan ƙofa.

"Farfesa, ɓerayen sama sun ga haske," in ji Etelka.

"Haba Etelka, wannan ɗan ɗigon? Ko sauro ba zai gan shi ba."

"Ai ba sauro kake bincike ba, ranka ya daɗe."

"Kin dai san takardar sabunta aikinki tana kan teburina?"

Ta sani sarai, ga 'ya'ya biyu a makaranta. Ta ce, "Ka sa hannu ko kar ka sa, sun dai ga haske."

Wata bakwai bai amsa gaisuwarta ba. Da aka sake gwajin cikin duhu na gaskiya, babban abin da ya ce ya gano ya ɓace: aikin fitila ne ashe. A taron masana aka yi ta yaba masa taka-tsantsan, ya kuwa karɓi yabon ba ko tari. Takardar aikinta kuwa, ya ba Piroska ta kai mata, da sa hannunsa.

Etelka, mai gadin duhu, ke ce kika ɗora abincin 'ya'yanki a kan magana ɗaya, ba ki janye ba. Baƙin salatif ɗin da kika manna a kan ɗigon yana nan har yau, ya fi wasu takardun wurin daɗewa. Mun gode. Masu zuwa bayanki, in kun ga haske inda bai kamata ba, ku je ku faɗa, ko da takardarku tana kan tebur.