Filafilin da Aka Auna da Tsawona

Mahaifina Basarke ne, a cikin jirgin kamun kifi ya girma a ƙasar Yawuri, amma ni ban taɓa ganinsa da ruwan da ya wuce garwa biyu ba. A Makka aka haife ni, a Utaibiyya, kuma tun da na yi wayo sana'arsa ke nan: ya ɗebo ruwa, ya rataya garwa biyu a sanda, ya hau da su gidajen mutane. Lokacin da shi da Inna suka kamo hanyar hajji da ƙafa, sun bar ɗansu na fari wurin kaka yana tatata, da niyyar komawa. Ba su koma ba.

Ina makarantar gaba da firamare wani dattijo daga garinsu ya zo hajji, ya yi ta cigiya har ya same mu bayan saukowa daga Arfa. Shi ya ba mu labarin Yaya ya zama mutum, har shi ke fiton mutane da kaya ta wajen duwatsu, inda kogi ke matsewa yana kumfa. Inna ta yi ta hamdala. Baba kuwa tambaya ɗaya ya yi: da filafili nawa yake shiga? Dattijon ya ce ɗaya yake gani a hannunsa.

Baba bai ci abincin kirki ba ranar. Inna ce ta fahimtar da ni dalili. A gidansu, filafilin da mutum ke tuƙi da shi, shi ke sassaƙa abinsa. Na biyun kuwa, wanda ake ɗaurewa cikin jirgi saboda ranar da dutse zai karya na hannu ko ruwa ya fizge shi, uba ne ke ba ɗansa. Ba a saye, ba a aro, kuma ɗa ba ya yi wa kansa muddin uban na raye. Ashe Yaya yana shiga duwatsu da filafili ɗaya ne saboda ya san Baba bai mutu ba.

Dattijon ya yarda zai kai saƙo, amma sai abin da zai shiga akwatinsa na ƙarfe, don ya ce masu jirgin sama ba su da haƙuri da dogon kaya. Baba ya auna akwatin da hannu, ya ce abin da zai shiga nan muciya ce, tuwo za a tuƙa da ita.

A wannan shekarar na yi aikin naɗe tantuna a Mina, na kuma lura sandunan manyan tantuna gida biyu ne, bututun ƙarfe ke haɗa su. Kunya ta hana ni gaya wa Baba a yi filafilin haka, sai na gaya wa Inna, ita ta kai masa. Ina jin sa daga soro yana cewa ai a gaɓa abu ke karyewa. Amma washegari da muka dawo sallar asuba ya ce in sa takalmi.

Wurin wani kafinta mutumin Yaman muka je. Larabcin Baba na sayar da ruwa ne kawai, don haka ni ne tafinta. Na fara ɗauko wani farin katako marar nauyi, Baba ya danna masa farce ya lotsa, muka ajiye. Wani kuma ya yi nauyin da zai gajiyar da kafaɗa. Daga baya kafintan ya jawo wani ɓangaren tsohuwar taga, daga gidajen da aka rushe kusa da Harami, ya ce da irin wannan itace ake ƙera jiragen ruwa a Jidda. Baba ya ƙwanƙwasa, ya sansana, ya riƙe bai mayar ba.

Saura tsawo. Da jikin mai shi ake auna filafili, ga shi Baba bai san tsawon ɗansa ba. Dattijon ya ce masa kamar ni yake, sai dai a ƙara taƙi ɗaya. Sai Baba ya tsayar da ni a tsakiyar shagon, ya auna daga ƙasa zuwa ƙirjina, ya ƙara taƙin. Sannan ya ɗaga tafinsa sama da kaina, daidai inda kan Yaya zai kai, ya daɗe bai sauke ba.

Da aka sassaƙa filafilin gida biyu, a kan gaɓar Baba da kafintan suka yi gardama. Kafintan ya matse ta cikin bututun tagulla har ba ta motsi, Baba ya ce a sassauta, itacen Makka ƙishirwa gare shi, in ya sha kogi zai kumbura ya tsaga bututun.

"Gaya wa babanka," in ji kafintan, "in ta yi lako-lako kada ya ce a shagona aka yi."

"Hwaɗa mishi," in ji Baba, "wanda jirginai raƙumi ne ba shi koya min ruwa."

Na fassara wa kowanne cewa ɗan'uwansa ya yaba da saninsa. Aka sassauta, aka huda wurin ƙusa, na roƙa a ɗaure ƙusar da igiya don kada ta faɗa ruwa.

Baba ya ce ba zai aika abin da bai gwada ba. Muka jiƙa shi a kwamin da ake shayar da raƙuma a bakin gari, da ya sha ruwa sai Baba ya durƙusa a bakin kwamin ya fara tuƙi. Na san bayan nan nasa a sunkuye ƙarƙashin sandar garwa, ban taɓa ganinsa a miƙe haka ba. Ruwan ya riƙa juyawa, raƙuma suka ja da baya. Gaɓar ba ta ko motsa ba.

Ba ta motsa ba har ranar tafiyar dattijon. Mun murɗa, mun ja, ta ƙi rabuwa. Na hau da shi saman soro na shanya a rana, ina juya shi kamar mai gasa nama, dattijon kuma yana aiko cewa motar Jidda ta fara lodi. Bayan azahar Baba ya kama baki, na kama ƙota, muka murɗa tare, ta saki. Inna ta naɗe gida biyun a tsohon zanenta, muka kai da gudu.

Da hajji ya zagayo, wata mata daga garinsu ta kawo mana bandar kifi da saƙon Yaya. Ya ce ya haɗa filafilin, ya tsoma a kogi, tun ranar bai sake rabuwa ba. Yana ɗaure a jirginsa, bai kai ga kwance shi ba tukuna. Ya kuma ce a tambaya, da wa aka auna, don ya zo masa daidai.

Baba ya nuna ni da haɓa. Ya gutsuri kifin, ya miƙo mini rabi, ya ce, "Allah shi sa ya ruɓe a ɗaure."