Shafukan da Madam ba ta adana ba

Dokar hana ajiye kayan kai a kwamfutar ofis ni na rubuta ta da hannuna, na buga da manyan baƙaƙe, na manna a bango saman firinta. Na fara da wannan ne don kada wani mai tausayi ya nemo mini uzuri a gaba.

Ofishinmu na lauyoyi ne, ƙarami, a wani tsohon gida a Nassarawa GRA mai bishiyar mangwaro biyu da janareta mai tari. A shekarun nan aiki ya yi mana katutu: ga shari'o'in gado da na filaye daga kotunan shari'ar Musulunci, ga ƙorafin zaɓe da ba ya ƙarewa. Ni ne mai kula da kwamfutoci. Guda uku ne rak, amma in ka ga yadda nake taku da tarin makullai a ƙugu sai ka rantse filin jirgin sama aka ba ni amana.

Mai buga mana takardu wata dattijuwa ce, Kirista, 'yar kudancin Zariya, mazauniyar Badawa. Kowa Madam yake ce mata, har Alhaji mai ofishin. Tun zamanin keken rubutu take wannan sana'a, kuma ta buga takardun rabon gado har ta gaji. Na taɓa ganin ta ɗago kai ta ce wa wani sabon lauya, "Barista, matar nan tumunin takaba za ta samu, ba rubu'i ba, ai akwai 'ya'ya." Ya duba, haka ne. Ni kuwa Malam take ce mini, amma da irin muryar da ake ce wa ƙane ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

Madam ba ta shiri da babbar manhajar rubutu da kowa ke amfani da ita, wai ta cika kwalliya. Da wata 'yar ƙarama take aiki, farin shafi kawai babu ado, sai ta gama ta kwashe rubutun ta kai cikin babbar a gyara masa fuska. Ƙaramar tana da wani hali: in ka buɗe sabon shafi ka yi rubutu, ko ba ka adana ba, ka kashe kwamfuta ka tafi gida, gobe za ka tarar da shi yadda ka bari. Shafukan suna jeruwa a sama, babu suna, sai lamba.

Da aka sayo wa Madam sabuwar kwamfuta, na kwaso mata komai yadda yake. Daga baya na ji cewa manhajar ta fito da sabon zubi, mai lamba sittin da huɗu, wanda aka ƙera don sababbin injuna, namu kuwa tsohon ne mai talatin da biyu. Na shiga zauren masu amfani da ita a intanet na tarar ana ta musu. Wasu na cewa a koma sabon, ya fi sauri. Wasu na cewa don rubutu zalla babu bambancin da ido zai gani, a bar kaza cikin gashinta. Wani mutum ɗaya ya rubuta dogon bayani cewa duk mai shirin cire tsohon ya fara adana shafukansa na buɗe, don suna zaune ne a wata ɓoyayyiyar jaka da ke tafiya tare da shi in an yi shara. Na karanta. Ba zan ce ban karanta ba. Na ma yi tsaki na ce mutumin nan ya cika surutu.

Ran Laraba Madam takan tashi da wuri don taron zumuntar mata a cocinsu. Tana fita bayan la'asar na zauna a kujerarta. Na ga shafukan nan jere, sun fi goma. Na leƙa guda, na ga wani harshe da ba na ji, jefi-jefi da Hausa a ciki. Ban tsaya tunani ba, na ɗauka tarkace ne irin na mai gwada yatsu. Lambarta tana cikin wayata, kiran minti ɗaya ne, amma ina so gobe ta shigo ta ga abin mamaki ta yaba mini. Na cire tsohon zubin. Da ya tambaye ni ko ya tafi da duk abin da ya bari, na ce ya tafi. Na bi ragowar jakar na share, na kuma zubar da kwandon shara, don ni mai tsafta ne. Na ɗora sabon, na buɗe na rufe sau uku ina jin daɗin saurinsa, wanda a gaskiya daidai yake da na da.

Da safen Alhamis ina shan shayi a baranda ta kira ni.

"Malam, zo ka gani. Ina shafukana?"

"Waɗanne, Madam? Takardun ofis duk suna nan a jakarsu."

"Ba na ofis ba. Na Mama."

Mahaifiyarta ta rasu a daminar da ta wuce, har mun je mata gaisuwa Badawa. Abin da ban sani ba shi ne, tsawon kusan shekara biyu kafin rasuwar, duk ranar Juma'a in mun tafi masallaci mun bar mata ofis, sai ta kira ƙaninta a ƙauye ya miƙa wa tsohuwar waya. Madam ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, tsohuwa na magana da yarensu, ita tana bugawa kalma da kalma. Asalin gidansu, waƙoƙin niƙa, yadda aka yi suka sauko daga kan dutse, wa ya haifi wa. Tun bayan rasuwar ba ta ƙara ko harafi ba, sai dai takan buɗe ta karanta.

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce, "Haba Madam, abu mai muhimmanci haka, me ya hana ki adana?"

Ta nuna takardar da ke bango da haɓarta. "Kai ka ce kada a ajiye kayan kai. Ban ajiye ba. Na bar shi a buɗe ne kawai, kamar takarda a bakin keke."

Na yi yinin ranar ina haƙa cikin injin nan da duk dabarar da na sani. Na samo tsofaffin wasiƙu da hoton bikin wani, ban samo layi ɗaya na tsohuwar ba. Wajen azahar Alhaji ya fito ya ga an tsaya cirko-cirko, ya tambayi abin da ya faru. Madam na tsaye a gefena. A nan ne na yi abin da ya fi sharar muni. Na ce, "Ranka ya daɗe, da alama bairos ne ya shiga ya cinye, shi ya sa ma na sake ɗora manhajar."

Na zaci maganar za ta bi iska, tunda bairos ba shi da dangi. Sai Madam ta dafe ƙirji.

"Wayyo, ni ce. Ran Litinin na kai filashina shagon buga takardu a Badawa don tsarin sujadar Lahadi, na dawo na soka shi a nan. Alhaji, ka yi haƙuri. Allah ya sa bai taɓa takardun mutane ba."

Alhaji ya ce a riƙa kiyayewa, ya koma ciki. Ita da aka yi wa ɓarna ita ke ba da haƙuri, ni kuwa ina tsaye ina gyaɗa kai kamar alƙali. Kalma huɗu ce ta rage mini, ni ne na share, na kasa furta su. Ba tsoron kora ba ne, Alhaji ba zai kore ni a kan wannan ba. Kunya ce kawai, ta kada a ce gwanin bai iya ba. Ban faɗa ba ran nan, ban faɗa ba har ta yi ritaya ta koma gida, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Washegari ta kawo mini dafaffiyar gyaɗa a leda, wai ladan wahalar da na sha jiya. Na karɓa. Na ma ci.

Da Juma'ar mako na gaba ta zagayo, na dawo daga masallaci na tarar da ita tana bugawa a hankali, ba da saurin nan nata da ke cika ɗaki da ƙara ba. Tana ƙoƙarin dawo da abin da ta iya tunawa. Daga shafi goma sha wani abu, abin da ya taru bai cika uku ba. Ta ce in Alhaji ya yarda, tana so in koya mata adanawa yadda ya kamata, ba ta son ta sake yin wauta. Na ce babu komai, ni zan yi masa magana. Na ja kujera na zauna kusa da ita.

A ƙarshen shafin akwai sunaye jere, kowanne a layinsa. Ta ce 'yan'uwan kakarta ne, su bakwai, Mama ta lissafo mata su daga babba zuwa auta. Na ƙirga biyar. Tsakanin na huɗu da na ƙarshen ta bar layi biyu fari fat. Ta kira ƙaninta, bai sani ba, kuma babu sauran tsoho a gidan da za a tambaya.

Na nuna mata inda za ta danna. Ta ɗora yatsa, sai ta tsaya ta dube ni.

"Malam, in na adana, layin da babu komai a kai shi ma zai zauna?"

Na ce, "Zai zauna, Madam."

Ta ce, "To, madalla. Allah ya yi maka albarka." Ta danna.